Waƙar talauci: daga punk na Amurka zuwa kuntigin Ɗan Maraya

Waƙar talauci ita ce wadda ke ɗaukar yunwa, rashin aiki da fitar da rai a matsayin jigonta, ba yabon sarki ko attajiri ba. A ƙasashen Yamma, salon da ya yi fice a wannan fage shi ne hardcore punk, kiɗa mai sauri da amo, wanda ya ɓullo a Amurka da Ingila a ƙarshen shekarun 1970.

Ƙungiyoyi irin su Black Flag da Dead Kennedys a Kalifoniya, da Discharge a Ingila, sun bunƙasa a zamanin Reagan da Thatcher, lokacin da masana'antu ke rufewa, gwamnati kuma na zaftare tallafin marasa galihu. A 1980 Dead Kennedys suka fitar da Kill the Poor, waƙar gatse da ke nuna masu mulki sun gwammace su kawar da talaka da su kawar da talauci. Yawancin waɗannan mawaƙa da kansu suke buga fayafayansu.

A ƙasar Hausa wannan kiɗa bai yi saiwa ba, amma jigonsa ya riga shi zuwa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, marubuta irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wa gwagwarmayar talakawa waƙoƙi, a zamanin da haraji da jangali ke gallaza wa manoma da makiyaya. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya bi ta wata hanyar. Da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya kuma rera Mai Akwai da Babu. Mutanen da ya waƙe har gobe suna kan titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ta Kiru, ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa zuwa Jos, suna lodin masara da shinkafar da ba su da rabo a ribarta.

Bambancin yana ga wanda ke ciyar da mawaƙi. Ɗan punk na dogara da 'yan kallonsa, mawaƙin Hausa kuwa galibi ɗan siyasa ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma mai sukar hukuma na iya ɗanɗana kuɗarsa. A 2009 an haramta waƙoƙi 11 a Kano, ciki har da Girgiza Kai ta Ziriums da Hasbunallahu ta Aminu Ala, wanda aka kama daga baya.

Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da zanga-zangar yunwa ta Agustan 2024, tsadar rayuwa ce hirar kowace majalisa daga Tiga ta Bebeji har Riruwai. Abin jira shi ne wane mawaƙi zai rera ta ba tare da neman yardar uban gida ba.