Zango: Kwanan Daji a Hanyar Gwanja

Duk wanda ya tashi a Kumasi ko Tamale ko Ankara ya san zango a matsayin unguwa mai masallaci da sarki da liman. Amma kafin kalmar ta zama sunan unguwa, ma'anarta ita ce wurin da ayari ya sauke kaya ya kwana, sau da yawa a dokar daji inda babu ko bukka ɗaya. Shi ya sa har yau ake cewa matafiyi ya yada zango.

Fataken goro kan bar Kano idan ruwa ya ɗauke. Su bi ta Sakkwato ko Jega, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Jugu, daga nan sai Sansanin Mango, sai Yandi, sai Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafe da kanwa da tufafin rinin Kano da jemammun fatu, su komo da goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kusan haka. Mai karatu ya auna: gari ne sukutum yake tashi kowace asuba, ya sake kafuwa kafin la'asar.

Ba a yada zango da ka. Jagaba shi ke wucewa gaba, kuma abin da yake nema da farko ruwa ne, sannan ciyawar jakai, sannan fili inda za a hango mai zuwa tun daga nesa. Ayari kan tashi da sassafe ya tsaya idan rana ta take, domin a sami sauran yini a yi aiki. Da madugu ya ba da umarni sai a sauke kaya a tara su tsakiya, a kafa turaku a ɗaure jakai kusa da su. Samari su bazu, wasu sara rassa da yankan ciyawa don bukkoki, wasu ɗebo ruwa da itace. Inda ake tsoro sai a kewaye zangon da shingen ƙaya. Mata su ɗora tukwane, wasunsu ma sayar da abinci suke yi ga fataken da ba su da mai girka musu. Malamin ayari ya ja salla, shi ne kuma mai rubuta lissafi, shi ake tambaya ranar da ta dace a tashi. Idan dare ya yi sai a hura wuta saboda kura da zaki, a raba gadi.

Namun daji ba su ne babban abin fargaba ba. Mutum ne. Dajin Borgu ya yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi masu kibiya mai dafi, kuma wanda suka fi samu shi ne wanda ya saki ayari, ko don gajiya ko don jakinsa ya gurgunce. Sarakunan hanya kuma kowa da kuɗin da yake karɓa kafin a wuce, madugu ya yi ciniki, uban dawaki ya bi 'yan ayari ya tara. Wannan ne ya sa ba kowa ake ba madugu ba. Sai wanda ya san hanya, ya san sarakunanta, ya kuma san lokacin da ake biya da lokacin da ake ɗaura kwari.

A hanyar dawowa aikin zango ya fi yawa, don goro ba ya son zafi ko bushewa. Sai an riƙa kwance huhu lokaci zuwa lokaci ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, ana tsince mai sankara kada ya ɓata sauran. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: da yawa daga masu ɗaukar kayan nan da masu gina bukkokin bayi ne, kuma Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Masu yabon zamanin fatake sukan tsallake wannan, bai kuwa dace ba.

Zangon da ake yawan sauka, musamman a bakin gari, shi ne ya fara zama dindindin. Wani ya tsaya don ciwo, wani don bashi, wani ya yi aure ya zama mai masauki, bukka ta koma ɗakin ƙasa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Yeji da Kete-Krachi da Kumasi da Ankara; cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Da goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai dogayen ayarin jakai suka yi ta ja da baya. Unguwar da Malam Baƙo ya kafa a Ankara daga baya, sunan da aka sa mata shi ne Sabon Zango.