Goyon Ciki A Hanyar Arfa

Jama'a, mu mazauna zango, ya kamata mu tuna da zangunan da kakanninmu suka yi a hanyar Makka. Kafin zuwan jirgin sama, manomi yakan ɗauki matarsa su nufi gabas da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur, su yi shekaru ba su ga Arfa ba.

In ciki ya tsufa, sai tafiya ta tsaya. Maigida ya kafa bukka, ya shuka dawa, ya tara itacen wankan jego. Uwargida kuwa ta sa kuɓewa da yakuwa bayan ɗaki. Daga 1925, sa'ad da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan, da yawa can suka nemi guzuri. Waɗansu suka zauna ɗungum a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗansu suka haye teku, suka tsaya Arfa ran 9 ga Zulhajji da goyo a baya.

Matan nan suna da madogara. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Asma'u 'yar Umaisu, matar Sayyadina Abubakar, ta haihu a Zulhulaifa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurce ta ta yi wanka ta ɗaura harami.

To, samari, jikokin mutanen nan suna can Sudan da Makka, danginmu ne. Ku tambayi dattawa sunayen waɗanda suka tafi ba su komo ba, mu rubuta, tun ba a binne labarin tare da masu shi ba. Allah ya jiƙansu, amin.