Kututturan da ba su mutu ba: yadda itatuwa suka ƙare, suka kuma komo a ƙasar Kornaka

Matafiyin da ya baro Maraɗi ya nufi Dakwaro, in ya iso ƙasar Kornaka, zai ga gonakin hatsi cike da gawo da kalgo da sabara da aduwa. Yaran yau suna zaton haka wurin yake tun fil azal. Dattawan da suka ga shekarar 1984 sun san ba haka ba ne, domin sun ga lokacin da mutum zai tsaya a gonarsa ya hangi garin da ke gaba, babu iccen da ya tare masa ido. Tarihin wannan ɓata da wannan komowa ya kamata a karantar da shi kamar yadda ake karantar da tarihin sarakuna.

A farkon ƙarni na 20, bayan yaƙe-yaƙe sun lafa, manoma daga Gobir da Katsina suka riƙa hawowa arewa suna saran daji, suna kafa garuruwa. A wancan zamani ƙasa tana da yalwa. In gona ta gaji sai a bar ta saura shekaru da dama, itatuwa su mayar mata da ƙarfinta. Manomi kuma ba ya sare kowane icce. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya rufe hatsi da inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi ƴaƴa da ganye. Har ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya ɗora hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sari gawo.

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Na farko doka ce. A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar gandun daji ta yankin Afirka ta Yamma da ke hannunsu, dokar ƙasa ta 1974 kuma ta bi sawunta. Icce ya zama abin gwamnati ko da a gonar mutum ya tsiro, mai gona na iya shan tara in ya sassabe reshensa. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya gwammace ya kashe tsiro tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa ma'aikatan gandun daji. Na biyu noman gyaɗa da garmar shanu, inda aka koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, babu kututture. Ga jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare. Na uku farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka mutu, magidanta suka shiga sayar da iccen wuta don su sayi hatsi.

Gwamnati ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, a watan Mayu na 1984 kuma shugaba Seyni Kountché ya tara taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. An dasa bedi da turare masu yawa, amma galibinsu sun mutu, saboda iccen da ba na kowa ba babu mai ba shi ruwa, babu mai kare shi daga awaki.

Mafita ta fito daga ƙarƙashin ƙasa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne: toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu kuma suna raye. Dabarar ba ta da wuya. A zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a kiyaye su. Da yake saiwa ta riga ta kai ga laima, sai su girma da sauri fiye da dashe. A yunwar 1984 an ba da abinci ga waɗanda suka yarda su bar itatuwa a gonakinsu. Da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka yi koyi. Manoma suka raɗa wa abin suna sassabin zamani. Hotunan tauraron ɗan Adam da binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan sun nuna cewa hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Doka ta biyo baya a hankali: ta gandun daji a 2004, sai ƙudurin 2020 da ya tabbatar wa manomi mallakar iccen da ya raina.

Wata ƙasa mai nisa ta ga irin wannan. A Amurka akwai wani babban iccen daji mai ƴaƴa da ake ci, da ake kira cesnat. Wata cuta da aka gano a Niyok a 1904 ta kashe biliyoyinsa cikin shekara hamsin. Saiwoyin suna toho har yau, amma cutar tana kashe tohon kafin ya girma, shi ya sa masana ke yawon neman ƴan tsirarun da suka tsira don su samu iri. Mu namu tohon gatari da wuta da baƙin akuya ke kashe shi, kuma duk ukun a hannunmu suke.

Sai dai ba duka itatuwa suka komo ba. Sabara da kalgo da gawo sun dawo da ƙarfinsu. Ƙirya da marke da tsamiya da kanya da ɗanya kuwa sun yi ƙaranci a wurare da dama. Ƙirya ce abin tausayi: iccenta mai tauri ne, gara ba ta cin sa, don haka masassaƙa suka bi ta don turmi da taɓarya, maƙera don gawayi, ga ta kuma da jinkirin girma. Inda aka ƙone kututturenta babu toho, sai an koma ga iri, irin ma sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko ya bi ta cikin dabba kafin ya tsiro. Kowace tsohuwar ƙirya da ta rage uwa ce, in ta faɗi zuriyarta ta yanke a wurin.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da aiki. Ɗalibai na iya zagaya garinsu tare da dattawa da masu maganin gargajiya, su ƙirga tsofaffin itatuwan da suka rage, su rubuta sunayensu da amfaninsu, su tsinci irinsu a lokacinsa a reni a makaranta. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye manoma sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa, maza da mata da makiyaya, abin kuma ya yi aiki. In icce ya ɓace, sunansa da karin maganarsa da maganinsa suna bin sa. Yaron da bai taɓa ganin ƙirya ba, ba zai nemi ya dasa ta ba.