Tara Tsofaffin Takardun Kuɗi: Daga Alƙawarin Zinare Zuwa Adakar Kaka a Wurno, Rabah da Goronyo

Tara tsofaffin takardun kuɗi sha'awa ce ta mutanen da ke neman kuɗin da aka daina kashewa, su adana su, su jera su bisa ƙasa da shekara, su kuma karanta tarihin da ke jikinsu. A Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa harka ce mai ƙungiyoyi da littattafai da kasuwar gwanjo. Babbar ƙungiyarsu ta duniya, IBNS, an kafa ta tun 1961. Mafi daraja a idon da yawa daga cikinsu su ne takardun da aka buga a zamanin da takarda ke matsayin rasit, wato mai ita yana iya kai ta banki a auna masa zinare. A yankin Rima, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, irin waɗannan takardu da 'yan'uwansu na ƙarfe galibi suna kwance ne a ƙasan adaka, ko cikin gafaka tsakanin shafukan littafin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, kuma magada ba su cika sanin abin da ke hannunsu ba.

Me ake nufi da takarda mai zinare a bayanta?

Asalin takardar kuɗi alƙawari ce. Gwamnati ko banki na ajiye zinare a taska, sannan ya buga takarda yana cewa duk wanda ya kawo ta za a biya shi adadi kaza. Misali mafi bayyana shi ne takardun shaidar zinare na Amurka, waɗanda aka fara fitarwa a 1865. A lokacin oza ɗaya ta zinare na kan dala 20.67, saboda haka mai takardar dala 20 yana da kusan oza guda a baitulmalin gwamnati. Ana gane da yawa daga cikinsu da bayansu mai launin ruwan lemo da hatimi mai ruwan zinare. A Afrilun 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya ba da umarnin kowa ya miƙa zinarensa da waɗannan takardu ga gwamnati, a shekarar da ta biyo aka ɗaga farashin oza zuwa dala 35, kuma sai a 1964 aka sake halatta wa masu sha'awa su riƙe takardun. Mafi girmansu, ta dala 100,000 mai hoton Woodrow Wilson, bankunan gwamnati kaɗai suka yi mu'amala da ita a tsakaninsu, kuma har yau doka ba ta yarda wani mutum ya mallake ta ba. Duk wanda ya tallata maka ita, jabu ce yake tallatawa.

Ingila ma ta daɗe a kan wannan tsari. Yaƙin Duniya na Farko ya katse shi a 1914, aka dawo da shi a 1925, amma da sharaɗi mai nauyi: ba a ba ka tsabar zinare sai dunƙule mai nauyin oza 400, kimanin fam 1,700. A Satumbar 1931 Ingila ta yi watsi da tsarin baki ɗaya. Igiya ta ƙarshe da ta ɗaure kuɗin duniya da zinare Shugaba Nixon ne ya tsinke ta a ranar 15 ga Agustan 1971. Tun daga nan kuɗin takarda ya dogara ne ga amincewar jama'a da ƙarfin gwamnatin da ta buga shi. Ga Musulmi dai zinare bai bar lissafi ba, domin har gobe da shi ake auna nisabin zakka, miskali 20.

Kafin takarda ta iso Rima

Kalmar “kuɗi” kanta jam'in “wuri” ce, kuma wuri ne kuɗin Daular Usmaniyya. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi ya zauna a cikinta har rasuwarsa a 1837, da wuri ake ciniki a kasuwa, manyan fatake kuma su haɗa da liyari, wato azurfar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ne ke sayen liyari ɗaya. Wanda ya tsinci liyari a kayan kakarsa kada shekarar 1780 da ke jiki ta ruɗe shi: an ci gaba da buga shi da wannan shekarar fiye da ƙarni biyu, don haka yawancin waɗanda ke hannun mutane darajarsu ta azurfar da ke jikinsu ce.

Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris na 1903, Turawa suka hana shigo da wuri, suka matsa a biya haraji da jangali da kuɗinsu. Daga nan Hausa ta samu anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da nai da sule da fataka da fam. Kwabo da anini na wancan zamani su ne masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci.

Takardun Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, mai hedikwata a Landan, don ta samar da kuɗi ga Nijeriya da Gana ta yanzu da Saliyo da Gambiya. Takardunta na farko sun fito a 1916: sule 2, sule 10 da sule 20, wato fam guda. An ƙara ta sule 1 a 1918, sai ta sule 100 a 1919. Alamar da aka fi saninsu da ita itacen kwakwar manja ne a fuska, da adadin kuɗin cikin haruffan Larabci.

A nan ya kamata mai tarawa ya fahimci wani abu da ake yawan kuskurewa. Waɗannan takardu ba su taɓa yi wa kowa alƙawarin zinare kai-tsaye ba. Alƙawarinsu shi ne fam na Ingila, ɗaya da ɗaya, kuma ajiyar da ke tsaye a bayansu tana Landan. Saboda haka dangantakarsu da zinare ta biyo ta kan fam ne, kuma a aikace ta tsaya ne tsakanin 1925 da 1931. Takardar Hukumar da ke ɗauke da kwanan wata na waɗannan shekaru ita ce mafi kusa da abin da za a kira kuɗi mai zinare a tarihin ƙasar nan. Ko a lokacin ma, manomin shinkafa a fadamar Wurno ba shi da hanyar tara fam 1,700 ya kai Landan. Alƙawarin na manyan kamfanoni ne da bankuna.

Mutanenmu ba su karɓi takarda hannu bibbiyu ba, kuma suna da hujja. Sulen azurfa ana iya binne shi a tukunya shekara goma a tono shi lafiya, ana iya kai wa maƙeri ya yi wa amarya warwaro. Takarda kuwa gara na ci, gobara na lashewa, zufa na ruɓar da ita a lalita. A ƙarshen yaƙin farko, da azurfa ta yi tsada kuma sulalla suka yi ƙaranci, an riƙa canza takarda a kasuwanni a ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta. A 1920 Hukumar ta sauya sulen azurfa da na gamin tagulla. Wannan ƙyama ce ta sa takardun farko suka yi wuyar samu a yau: wanda ya karɓa yakan yi maza ya rabu da ita.

Na Nijeriya, na Nijar da na Makka

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a ranar 1 ga Yulin 1959 da takardun sule 5, sule 10, fam 1 da fam 5. An sake su a 1965 don su ɗauki sunan jamhuriya, aka kuma sake su a Janairun 1968 saboda yaƙin basasa, domin a kashe darajar waɗanda ke hannun ɓangaren Biyafara. Biyafara ta buga nata a 1968 da 1969, kuma wasu sun iso Arewa a aljihun sojojin da suka dawo. Naira ta zo a ranar 1 ga Janairun 1973, naira biyu a kan fam guda. Shi ya sa “jaka”, wadda a da fam 100 ce, ta koma naira 200. Murtala ta naira 20 ta fito a Fabrairun 1977, canjin launi na gwamnatin soja ya zo a Afrilun 1984.

Mutumin Rabah yana da dalili na musamman na fara tarinsa da naira 200. An fitar da ita a Nuwamban 2000 da hoton Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah kuma ya yi hakimcinta daga 1934, lokacin da ake karɓar haraji da kuɗin waccan Hukuma. Jera ta bisa shekaru da sa hannun gwamnonin banki, har zuwa sabon launin 2022, aiki ne mai araha da ke koya wa mutum ido. Haka ajami: an cire shi daga naira 5 zuwa 50 a 2007, daga naira 100 ta cika shekara ɗari a 2014, don haka tsofaffin masu ajami sun riga sun zama tarihi.

Kusancin yankin da Nijar ya sa ba a rasa tsofaffin takardun faransi, na bankin Afirka ta Yamma na Faransa da aka kafa a 1901, da na sefa da ta fara a Disambar 1945. Gidajen tsofaffin alhazai kuma su ne inda za a nemi rasit ɗin alhazai da Saudiyya ta fara bugawa a 1953, mai riyal 10, don ta sauƙaƙa wa mahajjata ɗaukar riyalan azurfa. An yi rubutunsa da harsuna da dama, kuma shi ne ya share fagen takardun riyal na 1961.

Abin da ke ba takarda daraja

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abu uku ake dubawa: ƙarancinta, lafiyarta, da yawan masu nemanta. Kamfanonin tantancewa irin su PMG suna ba da maki daga 1 zuwa 70, kuma ninki ɗaya a tsakiya na iya zubar da daraja ƙwarai. Ana neman lambar kowace takarda a kundin Albert Pick, wanda dillalan duniya ke magana da shi. Fam ɗaya na Biyafara, alal misali, an bar shi da yawa bayan yaƙi, don haka ba ya tsada duk da labarin da ke tattare da shi. Ita kuwa takardar 1916 ko da ta sha jiki abin riƙewa ce.

Jabu ya yi yawa. Akwai ledoji masu ƙyalli da ake tallatawa a intanet da sunan “kuɗin zinare”, galibi kwaikwayon dalar Amurka ko tiriliyan 100 ta Zimbabuwe. Kayan ado ne kawai. Takarda ta gaske tana da kauri irin na auduga, rubutunta kan ɗan taso a yatsa, kuma yawancinsu na da hoton ɓoye da ake gani in an ɗaga su ga haske. A kula da doka ma: sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira da sayar da ita, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Naira da ake kashewa a yau a ajiye ta, kada a yi cinikinta. Mai son ganin na ainihi kafin ya sayi komai, Babban Banki na da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa da ke Abuja.

Adanawa a ƙasar fadama

Maƙiyan takarda a Rima sanannu ne: danshin damina, gara, kyankyaso, ɓera da ambaliya irin wadda ta ci garuruwan Goronyo da Wurno a Satumbar 2010. A 'yan shekarun nan an ƙara da gudun hijira, inda iyali ke barin gida da abin da hannu ya ɗauka, adaka ta zauna a baya. Abin da ya tsira kuma sau da yawa 'yan gwangwan ke saye a kan kilo, in ƙarfe ne, takardun kuwa yara su yi wasa da su.

Kada a wanke takarda, kada a yi mata guga, kada a liƙe ta da salatif, kada kuma a kai ta shagon da ake narka leda a jikin takardun shaida. Wannan na ƙarshe shi ya fi kashe daraja, kuma ba ya gyaruwa. A shimfiɗa kowace ɗaya ita kaɗai tsakanin farar takarda mai tsabta, a sa cikin akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi nesa da ƙasa da bango. A ɗauki hotonta gaba da baya da waya. Sannan, tun dattawan gida na da rai, a tambaye su wa ya kawo ta, daga wace kasuwa ko wace tafiya, a rubuta amsar a wata takarda daban, a ajiye su tare.