Goyon Ƙirji ga Bakwaini: Bitar Hujjojin Bincike da Matsayin Ma'aikatan Jinya

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi manyan ayyukan bincike a kan goyon ƙirji, wanda ake kira goyon kangaru a asibitoci, wato ɗora bakwaini ko jariri mai ƙarancin nauyi a ƙirjin uwa fata da fata. An auna hujjojin da ra'in jinya. Maƙalar ta nuna cewa amfanin goyon ya tabbata, amma ya rataya ne a kan yawan awoyin da uwa ke yi manne da ɗanta, abin da tsarin ɗakin jinya ke iya ba ta ko ya hana ta.

Gabatarwa

A shekarar 1978 ne Dakta Edgar Rey Sanabria ya fara wannan dabara a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota, ƙasar Kolombiya, inda kwalaben bakwaini suka yi kaɗan har ana haɗa jarirai a kwalba guda, cuta tana yaɗuwa a tsakaninsu. Larura ce ta haifi dabarar, hujja kuwa sai daga baya. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me binciken ya tabbatar, kuma wane nauyi ya ɗora wa ma'aikaciyar jinya?

Ra'i da Dabarun Bincike

An ɗora nazarin a kan ra'o'i biyu. Na farko shi ne ra'in muhalli na Florence Nightingale, wanda ya ɗauki ɗumi, iska da tsafta a matsayin ginshiƙin aikin jinya. Na biyu shi ne ra'in Ramona Mercer na yadda mace ke zama uwa ta hanyar kusanci da jaririnta. An zaɓi gwaje-gwajen da aka raba jarirai rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, da kuma bitar da ta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, domin su ne suka fi kare bincike daga son zuciyar mai bincike.

Sakamako

Gwajin da Nathalie Charpak da abokan aikinta suka wallafa a 1997, kan jarirai 746 a Bogota, bai nuna bambancin mace-mace ba. Ya dai nuna raguwar cututtukan da ake ɗauka a asibiti da ƙaruwar shayarwa. Bitar Cochrane ta 2016, wadda ta haɗa bincike 21 da jarirai 3,042, ita ce ta nuna raguwar mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sai dai kusan duk waɗannan jarirai an jira ne sai da jikinsu ya daidaita kafin a fara goyon, alhali yawancin waɗanda ke mutuwa a kwanakin farko suke tafiya, kafin su kai wannan mataki.

Wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi cikewa da gwajin da aka wallafa a 2021, wanda aka gudanar a asibitoci biyar a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya. Na Najeriya shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8 aka raba gida biyu. Cikin waɗanda aka fara wa goyon nan take, kashi 12 cikin ɗari suka rasu a kwana 28 na farko, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15.7. An tsayar da gwajin kafin wa'adinsa saboda bambancin ya fito fili. A 2022 hukumar ta ba da shawarar a fara goyon da zarar an haifi jaririn.

Tattaunawa

Alƙaluman da suka fi jan hankalin wannan nazari ba na mace-mace ba ne, na awoyi ne. A ɗakin kulawa ta musamman, jariran rukunin farko sun samu kusan awa 17 na goyo a kullum, na biyu kuwa awa ɗaya da rabi. Ba zani ko majanyi ne suka kawo awa 17 ba. An sauya fasalin ɗakunan ne, aka sa wa uwa gado a gefen ɗanta, aka ci gaba da kula da lafiyarta a wurin, aka kuma yarda wata 'yar'uwa ta karɓe ta idan ta gaji ko ba ta da ƙarfi. A nan ra'in Nightingale ya samu sabuwar shaida, domin ƙirjin uwa ya zama muhallin jinyar. Abin da Mercer ta faɗa kuma ya fita daga littafi, tun da uwar da a da take leƙen ɗanta ta gilashi ta koma cikin masu jinyarsa.

Gwajin yana da iyakoki. Ba zai yiwu a ɓoye wa uwa ko nas rukunin da jariri yake ba. Bambancin mutuwa a awa 72 na farko bai kai matsayin tabbaci a lissafi ba. Kuma manyan asibitocin koyarwa ne, masu iskar numfashi da ma'aikata. Asibitin ƙaramar hukuma mai nas ɗaya a aikin dare wani hali ne daban. Kwafe sakamakon ba tare da kwafe tsarin ɗakin ba, zai zama riƙon hujja da baka kawai.

A ƙasar Hausa akwai abin da zai taimaka. Kaka ko gwaggo da ke zaman jego ita ce mataimakiyar da gwajin ya tanada, idan an koya mata, an kuma bar ta ta shiga ɗakin. Amma goyon da aka saba na baya ne, a kan tufafi, kuma kunyar ɗan fari na iya hana yarinya rungumar ɗanta a gaban surukai. Waɗannan tambayoyi ƙuri'a ba ta amsa su. Hira da iyaye mata da lura a bakin gado ne za su amsa, kuma ma'aikatan jinya da ungozomomi ne suka fi kowa kusa da su. Ya kamata makarantun koyon jinya na Arewa su sa ɗalibansu su fara ƙirga awoyin goyo a ɗakunan bakwaini, su kuma rubuta dalilin kowace awa da aka rasa.