Shugaban Eton da huɗuba ta raba da kujerarsa

1/ Ku matso ku ji labarin Edward Lyttelton, Baturen Ingila da aka haifa a 1855.

2/ A 1878 shi ne kyaftin ɗin 'yan wasan kurket na Jami'ar Cambridge, ya jagorance su suka lallasa tawagar Ostareliya. A shekarar kuma ya buga wa Ingila ƙwallon ƙafa.

3/ Daga baya ya zama malamin coci, ya shugabanci makarantar Haileybury, sannan a 1905 aka damƙa masa Eton, inda 'ya'yan manya ke karatu.

4/ To, a 1915 ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, tsofaffin ɗalibansa na mutuwa a fagen daga, sai ya hau mumbari a Landan ya ce kada a wulaƙanta Jamus bayan yaƙi. Ya ce in za a mayar da mashigin ruwan Kiel na Jamusawa mallakar kowa, Ingila ma ta saki Jibiralta. Gaskiya mutumin nan bai da tsoro.

5/ Jaridu suka yi masa ca, wai yana goyon bayan abokan gaba. A 1916 ya ajiye muƙamin, ya koma aikin coci. Ya rasu a 1942, ana cikin wani yaƙin da Jamus.