Taira Shinken da Aikin Raya Makaman Okinawa

Ana yawan kiran Taira Shinken (1897–1970) mai adana kobudo, wato fasahar faɗa da makaman gargajiya na Okinawa. A ganina laƙabin ya rage masa matsayi, domin abin da ya bari manhaja ce da ya tsara da kansa, kuma tsarin ne ya hana fasahar mutuwa.

An haife shi a tsibirin Kumejima. A 1922 ya tafi Tokyo ya zama almajirin Funakoshi Gichin, wanda a shekarar ne ya gabatar da kareti a babban yankin Japan. Lokacin kareti na tashe: malamin kareti Itosu Anko ya riga ya shigar da shi makarantun Okinawa tun farkon ƙarnin, ɗaliban jami'o'in Tokyo kuma sun fara kafa masa ƙungiyoyi. Makamai ba su sami wannan gata ba. Doguwar sanda (bo), da ƙarfe mai yatsu uku da ake kira "sai", da tonfa (gajeriyar sanda mai mariƙi a gefe), da lauje, da filafilin kwalekwale, duk suna hannun tsirarun dattawa a warwatse, kowa da nasa kata, wato jerin motsin da ake haddacewa. In dattijo ya rasu babu magaji, iliminsa ya bi shi kabari.

Tun daga 1929 Taira ya koyi makamai a wajen Yabiku Moden, daga baya ya ƙara da Mabuni Kenwa. Yaƙin Okinawa na 1945 ya lashe rayuka da gidaje da rubuce-rubuce, ya ƙara gaggauta aikin. A 1955 ya kafa ƙungiyar Ryukyu Kobudo Hozon Shinkokai, a 1964 kuma ya wallafa littafinsa Ryukyu Kobudo Taikan. Ya tattara kata kusan 40.

Akwai suka mai nauyi a nan. Wanda ya tara ilimin gidaje da yawa ya koyar da shi da jiki ɗaya, dole ya shafe wasu bambance-bambance. Tsayuwa da takun ƙafa za su karkata ga salon karetinsa. Taira ma bai tsaya ga tattarawa ba: ya tsara kata na kansa, irin su Maezato no tekko, ya kuma ƙera sabon samfurin "sai" mai suna manji. To ina adanar?

Amsar tana cikin sunayen da ya bari. Sakugawa no kun, Chatan Yara no sai, Hamahiga no tonfa: kowane kata na ɗauke da sunan mutum ko wurin da ake danganta shi da shi, kamar yadda malamin zaure kan ambaci wanda ya ba shi karatu. Wasu daga cikin waɗanda ya ƙirƙira kuwa ya sa musu Maezato, sunan gidan da aka haife shi. Wannan amana ce ta ilimi, kuma ita ce ke ba mai bincike damar rarrabe tsoho da sabo a yau. Sunayen kuma suna raunana labarin nan da ya yaɗu cewa manoma ne kaɗai suka ƙirƙiro fasahar a ɓoye, domin irin su Sakugawa 'yan ajin ma'aikatan Ryukyu ne, wato tsohuwar masarautar Okinawa.

Bayan rasuwarsa a 1970, Akamine Eisuke ya riƙe aikin a Okinawa, Inoue Motokatsu kuma a babban yankin Japan. Salon ɓangarorin biyu ya bambanta a wurare da dama, amma sunayen kata da asalin jerinsu daga manhajar Taira suka fito.